Taransifar Hilux a kwarin Haɗejiya: gyaran gida, sannan hannun ƙwararre

Motar da mai ita

Mai motar ɗan kasuwa ne da ke sayen shanshera a ƙauyukan kwarin Haɗejiya, wajen Auyo da Kafin Hausa, yana tarawa ya sayar wa masu injin casa. Shekarunsa sun haura arba'in. Bai taɓa zaman koyon kanikanci a gareji ba, amma cikin injinan ban-ruwa ya tashi, yana kwance su ya ɗaure, kuma shi yake yi wa motarsa juyen mai, ya canza mata birki da fulogi. Yana da akwatin sifanu mai kyau, da jak, da ƙaninsa mai kama masa aiki.

Motar Toyota Hilux ce ƙirar 2010, daga jerin da aka yi tsakanin 2005 da 2015, injin fetur mai lita 2.7, giyar hannu mai biyar. A gwanjon wata ƙungiya ya saye ta. Lokacin da lamarin ya fara, mitarta ta wuce kilomita 240,000, kuma babu wata takarda da ta nuna an taɓa canza man taransifa.

Taransifa akwatin alminiyam ne da ke manne a bayan giyabos. Ƙarfin da ya fito daga giyabos nan yake shiga a raba shi, farfela (doguwar sandar ƙarfe mai juyawa a ƙarƙashin mota) ɗaya ta nufi aksul na baya, ɗaya ta nufi na gaba. Na wannan motar shi ne samfurin da Toyota ke kira VF2A, ana sarrafa shi da 'yar gajeriyar sanda kusa da sandar giya, a kai ta H2, H4 ko L4. A H2 ƙafafun baya ne kaɗai ke ja. A H4 wata sarƙa mai faɗi, mai layi-layi na ƙarfe, takan ɗauki ƙarfi ta kai wa farfelar gaba. A L4 kuma ƙarfin yakan bi ta wasu ƙananan giyoyi da ke kewaya wata ta tsakiya, gudu ya ragu da ninki 2.566, ja ya ƙaru daidai da haka. A ciki akwai ɗan famfon mai, da mataci, da mayen ƙarfe mai kama ɓurɓushi. Man da yake ɗauka lita ɗaya ne kacal, man giya 75W-90.

Akwai abu ɗaya a ƙirarsa da duk abin da ya biyo baya ya rataya a kai. Wannan akwati ba shi da abin da zai bar gaba da baya su sha bamban a gudu. Da zarar an shiga H4, farfelolin biyu tare suke juyawa, dole. A laka ko yashi ba komai, taya takan ɗan zame bambancin ya fita ta ƙasa. A kan kwalta busasshiya taya ba ta zamewa, sai bambancin ya koma ciki, sarƙa da haƙora da boris su sha shi.

Yuni: tayoyi biyu

Kafin damina ta kankama tayoyin baya sun suɗe. Lambar da ke kan motar 205R16 ce. Bai samu irinsu da sauƙin kuɗi ba, sai ya sayi 'yan gwanjo guda biyu masu lamba 245/70R16, tunda dai bakin wili ɗaya ne, ya sa a baya, ya bar na gaba yadda suke.

A takarda, tsayin taya 205R16 kusan milimita 734 ne, ita kuwa 245/70R16 kusan 749. Bambancin milimita 15, wato kashi biyu cikin ɗari, kuma na gaban sun riga sun ɗan ci, don haka a zahiri ya fi haka. A kowace kilomita ɗaya, ƙafafun baya suna neman su riga na gaba da kusan mita 20. A H2 bai ji komai ba, domin babu abin da ya haɗa su.

Agusta: ruwa da kwalta

A watan Agusta hanyoyin fadama sun jiƙe. Aƙalla sau biyu a mako yana ratsa ruwan da ke kai wa ƙasan ƙofa, wani lokaci bayan doguwar tafiya, ƙarfe da zafinsa. A saman taransifa akwai wata 'yar hular numfashi, wadda iska ke fita ta cikinta idan mai ya yi zafi. Akwati mai zafi in ya faɗa ruwan sanyi, iskar cikinsa takan tsuke, ya zuƙo abin da ke kusa, ta hular ko ta bakin sil, wato zoben robar da ke hana mai yoyo.

A wannan watan ne kuma ya ɗauki wata al'ada. Tsakanin ƙauye da ƙauye akwai guntayen kwalta, kilomita biyar nan, goma can, sai ya daina fita daga H4 tunda zai sake shiga laka. Ya lura sitiyari yana yin nauyi a kwana, tayoyi na ƙugi in zai juya a kasuwa, kuma in ya zo mayar da sandar H2 sai ta ƙi, sai ya ɗan yi ribas take saki. Ya ɗauka tsufa ne.

A ƙarshen wata ƙaninsa ya nuna masa ɗigon mai a inda motar ke kwana, daidai tsakiyarta.

Satumba: gyaran farko, daga waje

Makon farko na Satumba ya shiga ƙarƙashin motar. Man yana fitowa ne daga inda farfelar baya ta haɗu da akwatin, ya yi feshi a jikin ƙasan bodi.

Ya fara da kwance notin zubawa na sama kafin na tsiyayewa na ƙasa, don kada ya zubar da mai sannan ya tarar na saman ya ƙi kwantuwa. Ya tara roba. Abin da ya fito bai yi kama da man giya ba: ruwan toka ne mai kauri, kamar kunun kanwa da ya kwana, da ƙyalƙyali a cikinsa idan aka karkata robar a rana. Da ya juye a gorar ruwa ya auna, bai kai kashi biyu cikin uku na lita ba, kuma bayan awa guda ruwa ya kwanta a gindin gorar.

Ya sauke farfelar baya, bayan ya yi alama da fenti a bakinta don ta koma yadda take. Ya datse tayoyi da duwatsu, domin mota in an cire mata farfela, barin ta a giya ba ya riƙe ta. Ya kwance babban notin da ke riƙe da farantin da farfela ke ɗaurewa a kai, ya zare tsohon sil ya buga sabo, ya mayar da tsohon notin ya ɗaure da sifana da aka zura wa bututu, iya ƙarfinsa. Ya zuba sabon mai har ya fara dawowa ta bakin ramin zubawa. Aikin yini ɗaya ne.

Ba a duba hular numfashi ba. Ba a duba wuyan farantin ba, inda leɓen sil ke gogawa. Ba a sake juye man ba bayan 'yan kwanaki don kwashe ragowar ruwa.

Yoyo ya tsaya mako biyu, ya dawo.

Oktoba: ƙara

Da kaka ta shigo lodi ya ƙaru. Sai ƙara iri biyu suka bayyana. Ta farko gunji ne a ƙarƙashin kujera, yana farawa wajen gudun kilomita 60 a awa, yana ƙaruwa da gudun mota. Canza giya ba ya canza shi, taka kuloci ba ya kashe shi. Ta biyu kuwa sai a H4 ko L4, idan motar na ɗauke da buhuna tana fama da yashi: ɓas, ɓas, ɓas, har a tafin ƙafa ake jin ta, da an ɗaga ƙafa daga totur sai ta ɗauke.

Wani makanike na gefen tasha ya saurara ya ce kuros ɗin farfela ne, wato gaɓar da farfela ke lanƙwasawa a kai. An canza kuros biyu. Ƙarar ba ta ko rage ba.

Mai motar ya yi nasa gwajin. Ya cire farfelar gaba gaba ɗaya, ya zagaya a H4, bugun bai zo ba, gunjin yana nan. Ya mayar da ita, ya shiga yashi, bugun ya dawo. Da motar a tsaye, sanda a H4, ya kama farantin gaba na taransifa da hannu ya murɗa hagu da dama, ya ji yana tafiya sosai kafin ya ci karo. Daga nan ya yanke cewa sarƙa ce ta saki tana tsallake haƙori, gunjin kuma boris ne. Ya yi sauran watan a H2, yana kauce wa hanyoyin da ya san za su riƙe shi, ƙauyuka biyu kuma ya bar wa wasu.

Nuwamba: an buɗe akwatin a gida

Ya tambayi kuɗin aiki a wurin wani mai gyaran giya a Kano ta waya, ya ji adadin, ya kwatanta da kuɗin sarƙa da boris kaɗai, ya ga ratar tana da yawa. Ya aika aka sayo masa sarƙa ɗaya marar suna a kwali, boris biyu, sil biyu, da jan gam na tiyub.

Saukewar ta tafi daidai. Shi da ƙaninsa suka cire farfeloli, da wayoyin da ke jikin akwatin, da sandar daga cikin mota, suka tallafe giyabos da jak, suka zare taransifar suka ɗora a kan tebur a zaure.

Matsala ta fara ne wajen raba akwatin biyu. Bayan an cire notuna ɓarin biyu suka ƙi rabuwa, saboda gam ɗin kamfani ya kama. Ya sa sukundireba a tsakani ya buga da guduma. Ya buɗe, amma ya bar gurbi biyu a fuskar alminiyam ɗin. Yana zare sandunan da ke tura giya, wani ɗan ƙwallon ƙarfe da sifirin ɗinsa suka yi tsalle. An tsinci ƙwallon a ƙarƙashin tabarma, sifirin ɗin ya ɓata, aka maye shi da wani da aka ciro daga tsohon injin ban-ruwa, mai kusan tsayi ɗaya.

Abin da ya gani ya tabbatar da zatonsa. Tsohuwar sarƙa ta saki har ta goge cikin akwatin ta bar sawu mai sheƙi. Mayen ƙarfen ya yi gashi da baƙin ɓurɓushi. Boris na baya yana gurnani idan aka juya shi da yatsa, da tabon tsatsa a jikinsa.

Ba shi da abin zare boris, ba shi da injin matsawa. Da guntun bututu da guduma ya fitar da tsofaffin, da su ya shigar da sababbin. Zoben ƙarfe masu riƙe boris a gurbinsu ya buɗe su da filaya da bakin sukundireba, ya mayar da su yadda suka samu. Sabuwar sarƙa ya ɗora a kan tsofaffin haƙora. Ya wanke komai da kananzir, ya shafa gam mai kauri a fuskar akwatin, ya ƙara a wajen gurbin nan biyu, ya haɗa, ya ɗaure. Duka aikin kwana huɗu, da jiran kaya ya zama mako guda, a tsakiyar kasuwar shanshera.

Makon farko motar ta yi shiru, bugun ya tafi. A mako na biyu gunji ya dawo, siriri, sama da na da. A na uku, yana hawa wani gangaren burji a L4 da buhu ashirin, sandar ta faɗo firi da kanta, motar ta fara komawa baya sai da ya danne birki. Ya sake gwadawa ta sake faɗowa. Da ya leƙa ƙasa, mai na tsattsafowa ta layin haɗin akwatin, kuma jikinsa ya yi zafin da ba a iya ɗora hannu. Tafiyar bayan gyaran ba ta cika kilomita 1,000 ba. Ya ajiye motar ya koma ɗaukar haya.

Disamba: zaɓi uku

Na farko, ya sake buɗewa da kansa. Ƙaninsa ne ya ƙi: “Yaya, in mun buɗe me za mu duba wanda ba mu duba ba?” Bai da amsa.

Na biyu, ya sayi taransifa 'yar Baljiyam ya ɗora. Ya je Kano ya zaga wajen masu kayan mota a Ƙofar Ruwa. Nan ya gane ba duk akwatin da ya yi kama da nasa ne zai hau ba. Akwai na giyar otomatik da na giyar hannu, akwai mai sanda da mai ɗan injin lantarki a gefe, akwai bambancin wurin wayoyi. An nuna masa wani na Fortuner ta wancan zamani, wadda kullum a ƙafa huɗu take tafiya, cikinsa daban ne da na Hilux. Ya samu ɗaya da ya dace, amma kuɗinsa ya haura abin da mai gyaran giya ya faɗa masa a Nuwamba, kuma ba a buɗe shi a gaban mai saye, sai dai a juya da hannu a saurara.

Na uku, ya kai wa mai gyaran giya. Ya tambayi direbobin wasu motocin aikin gona guda biyu da ba su san juna ba, suka ambaci mutum ɗaya, dattijo da ba ya taɓa inji ko birki, giyabos da aksul da taransifa kawai yake yi. Shi da dattijon suka yi magana a kan cewa mai motar zai sauke akwatin da kansa ya kawo, ya kuma ɗora da kansa, a cire kuɗin wannan daga aikin.

Janairu: a garejin mai giya

Ya kawo akwatin a cikin buhu a bayan motar haya. Dattijon bai taɓa sifana ba sai da ya gama tambaya: wane mai aka zuba, ina ake bi da motar, yaushe ƙarar ta fara, me aka canza.

“Alhaji, motar fa?”

“Tana gida, Baba, a kan bulo.”

“To a ɗauko mini hoton tayoyin guda huɗu, inda lambar take.”

Ƙanin ya turo ta WhatsApp. Dattijon ya duba, ya miƙa wa yaronsa wayar ya ce ya karanta da ƙarfi, sannan ya ce: “In na gyara maka ka mayar a kan waɗannan tayoyin, kafin azumi za ka dawo ka ce ban iya aiki ba.”

An buɗe akwatin a gaban mai shi. An jera kayan a kan kwali bi da bi yadda suka fito, yaron yana wankewa yana busarwa da iska. Dattijon ya ciro matacin mai ya ɗaga shi. Zare-zaren jan gam sun lulluɓe fiye da rabinsa. Gam ɗin da aka shafa da yawa, lokacin da aka ɗaure notuna, rabi ya fito waje inda ake gani, rabi ya matso ciki, ya yanke ya bi mai. Famfon yana juyawa amma abin da yake samu kaɗan ne, shi ya kawo zafin da siririn gunjin.

Sauran abin da aka tarar:

Sababbin boris biyun sun riga sun lalace. A cikin zoben ɗaya akwai ƙananan lotsa a jere, tazararsu daidai da tazarar ƙwallayen, alamar an buga shi ta ɓangaren da bai kamata ba, ƙarfin guduma ya bi ta cikin ƙwallayen. Zoben riƙewa ɗaya ya buɗe bai koma ba, sandar tsakiya tana ɗan wasa gaba da baya. Sifirin ɗin injin ban-ruwa ya fi na ainihi laushi nesa, ba ya danne ƙwallon a gurbinsa, shi ya sa L4 ke faɗowa, kuma faɗowar ta fara cin bakin haƙoran hannun riga, wato zoben ƙarfe mai zamewa da ke shigar da ita. Haƙoran da sarƙa ke hawa sun karkace gefe guda, sabuwar sarƙar ta fara bin sawunsu. Wuyan farantin baya yana da zagayayyen rami da farce ke kamawa, wanda tsohon sil da yashi suka sassaƙa, kowane sabon sil a kansa zai zauna ya yoye. Hular numfashi kuwa a toshe take da busasshiyar laka.

An canza sarƙa tare da haƙoranta biyu, da boris duka, da hannun rigar L4, da farantin baya, da sil, da sifirin, da zoben riƙewa, da manyan notuna biyu. Ƙananan giyoyin da famfon an auna su aka bar su. Mai motar ne ya je ya sayo kayan da lambobin da dattijon ya rubuta masa daga lambar jikin motar, aka ba shi tsofaffin a leda.

Inda aikin ya ɗauki lokaci shi ne awo. Zoben riƙewar nan ba kauri ɗaya ba ne. Toyota na yin su kala-kala, tazarar milimita 0.05 tsakanin wannan da wancan, ana gwadawa a zaɓi wanda ya fi cika gurbin ba tare da ya matse ba. Dattijon yana da gwangwani cike da su, da ma'aunin agogo mai allura da yake kafawa a bakin sanda ya tura ya ja ya karanta. Boris da injin matsawa aka shigar, ana danna zoben da ke shiga kawai. Gurbin sukundireba an goge bakinsu da dutsen wasa mai laushi har suka daina kama yatsa. Gam an ja shi siriri, layi ɗaya, aka haɗa nan take kafin ya fara bushewa. Babban notin faranti sabo aka sa, aka ɗaure da sifanar awo a kan 118 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri), aka lotsa bakinsa cikin tsagin sandar don kada ya warware. Notunan mai 37 Nm, da sababbin washa. Kafin a rufe buhu an juya shi da hannu a H2, H4 da L4, mai shi ya ji yadda kowace ke shiga da ɗan ƙas.

Kwana uku aka yi, ɗaya daga ciki na neman kaya.

Daga Fabrairu zuwa ƙarshen damina

Ya ɗora akwatin da kansa cikin yini guda. Kafin motar ta taka ƙasa ya sayar da tayoyin baya biyun ya sa masu lamba ɗaya da na gaba. Ya cire hular numfashi ya ja tiyo daga wurin har cikin ɗakin inji, sama da inda ruwa ke kaiwa, ya yi wa aksul na baya haka. Bayan kilomita 1,000 ya juye man, ya fito garau, da ɗan ƙyalli kaɗan.

Ya canza tuƙi. Yana hawa kwalta yake komawa H2, ko da na kilomita biyu ne. L4 sai ya tsaya ya taka kuloci. Da rani, da ba a buƙatar ƙafa huɗu, yana bin shawarar littafin motar ta a yi aƙalla kilomita 16 a H4 kowane wata don mai ya zaga kayan gaba, yana yi a kan burji. Duk ranar da ya ratsa ruwa mai zurfi yakan kwance notin sama ya tsoma yatsa ya duba launi.

Zuwa ƙarshen Satumba motar ta yi kusan kilomita 20,000 bayan gyaran, da damina guda cikakkiya. Ba gunji, ba bugu, L4 ba ta sake faɗowa ba. A wajen ɗaya daga cikin gurbin sukundireba akwai ɗan danshin mai da ƙura ke mannewa, bai kai ga ɗiga ba, kuma man bai sauka daga bakin rami ba.

Lissafi da hukunci

Tunda farashi ba ya zama wuri ɗaya, a ɗauki duk abin da aka kashe a Janairu, kaya da aiki da mota, a matsayin 100. Gyaran Satumba ya ci kusan 6. Kuros na Oktoba 8. Kayan Nuwamba kusan 30, kuma babu ko ɗaya da aka sake amfani da shi. Hayar mota daga ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu ta haura 50. A cikin ɗarin nan ta Janairu, kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da aikin Nuwamba ya lalata ne. Saukewa da ɗorawa da ya yi da kansa sun rage masa kusan 15.

A ganina mai motar bai yi kuskure ba da ya shiga ƙarƙashinta a Satumba. Juyen mai, canza sil, sauke farfela, duk aikin mai hankali ne da sifana, kuma ya yi su da tsari. Abin da ya kayar da wannan gyaran shi ne an toshe inda mai ke fita ba a tambayi me ke turo shi ba. Hular numfashi aikin minti biyar ce, wuyan farantin kuma a hannunsa yake lokacin da ya zare shi. Ganewar da ya yi a Oktoba ma ta fi ta makaniken tasha, domin shi ya raba ƙarar biyu da gwaji, wancan da kunne kawai ya yanke.

Nuwamba daban ce. Injin ban-ruwa yana yafe guduma, kuma in an kuskure za a gani a rana ɗaya a gyara da araha. Cikin taransifa kuskure ba ya nunawa sai an rufe, an ɗora, an yi mako biyu. Duk abin da ya ɓata a can, boris da zobe da sifirin da gam, ba rashin basira ba ne, rashin kayan aiki uku ne da littafin awo: injin matsawa, ma'aunin wasa, sifanar awo. Sayen su don aiki ɗaya ya fi kuɗin dattijon. Wanda yake da su, yake da littafin gyara na samfurin, kuma yake da wata motar da zai hau, zai iya yi a gida. Wannan mutumin ba shi da ko ɗaya, ga shi a watan da motar ke kawo masa kuɗin shekara.

Kai wa makanike kawai ma ba shi ne maganin ba, kuɗin kuros shaida ne. Abin da ya bambanta dattijon ana iya ganinsa kafin a biya: ya tambayi tayoyi kafin ya taɓa noti, ya buɗe a gaban mai kaya, yana da abin awo, ya rubuta lambar kaya, ya mayar da tsofaffi. Kuma ko aikinsa ba zai kai damina ba da an mayar da shi a kan tayoyin Yuni da tuƙin Agusta, wannan ɓangaren kuwa mai motar ne kaɗai zai iya gyara shi.

Da a ce babu irin wannan mai gyara a inda za a iya kaiwa, da 'yar Baljiyam da aka daidaita da lambar motar, aka canza mata sil da mai kafin a ɗora, ta fi buɗewa a zaure, domin ɗora ta aikin waje ne, irin wanda ya riga ya nuna ya iya.